Hawan Dutsi da Munkaila

"Kaka, tsaya in huta!" Jikana Munkaila ke nan, ɗan lakwal, mai karatun boko a Yamai, ya zube bisa duwatsu yana haki.

Na ce, "Haba maigida! Tsohuwa ba haƙori ta riga ka?"

Shi ya matsa mini tun da hantsi in kai shi kan dutsin bayan garinmu, wai bai taɓa hawa ba. Hutu bakwai munka yi. Raina duk ya ɓaci, don ana can ana hira bakin rijiya, ni kuwa ba a riga ni jin labari.

Da munka kai ƙoli na leƙa ƙasa. Sai ga baffanninsa jere cikin manyan riguna, da ƙwaryar goro, sunka shige gidan su Ladi, wata budurwar garinmu.

Na juyo. Hakin Munkaila ya ɗauke, ya ce:

"Inna ta ce in riƙe ki har su gama nema mini auren Ladi, kada gari shi ji."

Ni za a ɓoye ma?

Na gyara zane, na kama hanci, na rangaɗa guɗa. Kahin baffannin su zauna, gari duka ya hito.