Abin da Baba Ya Hango

"Baba, karanta layin sama," in ji likitar ido.

Tsohon ya ƙura wa allon ido, dishi-dishi kawai yake gani.

"Wannan yanar ta kai shekara shida," ta ce. "Daga taku goma ba ka bambance fuska."

Tsohon ya juyo gare ta. "Ko da rana tsaka?"

"Ko da rana tsaka."

Ɗansa da ya rako shi ya fashe da dariya. "Ashe shi ya sa kake gaida falwaya!"

Tsohon ya sunkuyar da kai. Can dariyar ɗan ta ɗauke.

"Baba, bara da ka rantse ka ga matata a motar wani, har na sake ta… daga ina ka hango ta?"

Tsohon ya ce a hankali: "Daga tsallaken titi."