Larabar Gindin Durumi

A wancan zamani mutane ba sa riƙe jiya a ka, sai a Babban Jadawali cikin na'ura. Kowa da layinsa, kowace rana da gidanta. Sai dai layi ba ya ɗaukar fiye da kwanakin shekara arba'in da biyar. Daga nan, kafin sabuwar rana ta shiga sai an goge tsohuwa.

Tabawa ta haura sittin, kuma ranakun zazzaɓi da na rigima ta daɗe da rabuwa da su. Gobe sunan jikarta, don haka da hantsi ta nufi ofishin Jadawalin.

"Inna, wacce za a goge?" in ji Sallau ma'aikaci.

Ta nuna wani gida a layinta. "Waccan Larabar, me ke cikinta?"

"Ba komai. Kin zauna da marigayi mijinki a gindin durumi, kuna ɓare gyaɗa har la'asar."

"Goge. Jaririya ta fi buƙata."

A hanyar gida ta tsaya a inuwar durumin, yatsunta suna motsi su kaɗai kamar na mai ɓare wani abu.

"Ikon Allah," ta ce. "Inuwa mai daɗi haka, amma ban taɓa zama a nan ba."