Waiwayen Agwagwa

Wendell mai zanen katun ya tsaya a kan teburin Dolores, wadda ta mayar masa da zobensa shekaranjiya. Aikinta shafa wa zanensa launi. Fim ɗin na wata agwagwa ce da ta bar masoyinta a tashar jirgin ƙasa, shi kuwa ya ƙara zane goma sha biyu inda ta waiwayo.

Ga su nan a gefe, ko taɓa su ba ta yi ba.

"Kin manta waɗannan," ya ce a hankali.

"Ban manta ba." Ta tsoma buroshinta a ruwa, ta ƙi ɗagowa. "Asabar zan koma Chicago."

"Haba Dolly, sakan ɗaya ne fa."

"Na sani, Wendell. In ta waiwayo, ba za ta iya tafiya ba."