Ƙafa a Roba

Na ƙara ruwan sanyi a roba, 'yata ta tsoma ƙafafunta da suka yi jawur.

"Umma, wuta ce."

Malaminsu ya ce lalaci ne, sa takalmi ne ba ta so. Har ofis na bi shi na wanke shi tas.

Ɗazu likita ya duba sakamakon jininta ya ce, "Wata 'yar ƙofa ce a jijiyoyinta ba ta rufuwa, sai zafi ya yi ta wucewa. Gadonsa ake yi. Wa ke jiƙa ƙafa a gidanku?"



Marigayi babanta ne. Shekara shida yana baro aiki kafin azahar, takalmi a hannu, ya jawo wannan robar. Ni kuwa ina tsaye a kansa ina kiransa malalaci.