Daidai Ƙugu

"Durƙusa ki rungume ni," in ji matar.

Na daɗe ina sayar da bindiga a Texas, ba wanda ya taɓa ce min haka. Wata 'yar siririya ta zaɓa, ta soke ta a ƙugu, ta saki riga a kai.

"Baiwar Allah, lafiya kuwa?"

"Ke dai matse ni sosai."

Na durƙusa na rungume ta. Kuncina ya daki ƙarfe.

"Kin ji ta?"

"Na ji."

Ta zare ta. "To nemo min wadda ta fi siranta. 'Yan shekara biyar nake koyarwa. Kullum da safe da gudu suke zuwa su rungume ni, kuma daidai nan kansu yake kaiwa."