Ungulun da Ba Ta da Hoto

Tun da aka kafa dokar hoto, duk tsuntsun da jama'a ba su ɗauka a waya ba, an ce ya ƙare, a sare bishiyarsa. Kowa gauraka yake ɗauka. Wa zai ɓata wayarsa da ungulu?

Larai, jami'ar gandun daji, ta iso gindin wata kuka a bayan mahauta tare da masu zarto.

"Baba Dantani, matsa. Na'ura ta ce babu sauran ungulu."

Tsohon mahaucin ya nuna biyu a kan kukar. "Waɗancan fa, kaji ne?"

"Ido ba hujja ba ne yanzu, Baba."

Ya jingina da kukar, ya harɗe hannu.

"To ku fara da ni, 'yata. Ni ma ba wanda ya taɓa ɗaukar hotona."