Katin Araha da Fuskar Tsohon Marini

Ajiye wayar nan tukuna, Ɗayyabu. Na ga farashin katin ajiye hotunan, ai ba makaho ba ne ni. Sai jinjina kai kake yi, wai rabin kuɗin kasuwarmu, kuma daga wata ƙasa za a aiko maka har ƙofar shago. Shekara talatin da ɗoriya ina rataye da kyamara a wuya, don haka zauna ka ji labarin wani mai hoto, wanda har yau in na tuna shi sai raina ya ɓaci.

Mutumin ya iya aiki, ba zan rage masa ba. Wurin wani dattijo mai kantin kayan hoto ya saba sayayya, kuma dattijon yana da ƙa'idar da duk 'yan sana'ar garin suka sani: sabon kaya ba ya zuwa taron mutane sai ya kwana bakwai a shago. In katin memori ne, a cika shi da hotunan banza, kaji da awaki da bango, a juye a kwamfuta a ga duk sun fito, sannan a ɗora masa fuskar ɗan mutum. In ya ba da matsala ka mayar, ya canza maka. To sai gogan naka ya fara ganin dattijon yana tsuga masa tsada. Ya shiga intanet ya samo wani mai sayarwa a bayan teku, wanda bai san fuskarsa ba balle ƙofar gidansa, ya sayo katin da aka rubuta yana ɗaukar hoto dubbai, a kuɗin da bai taka kara ya karya ba. Kaya ya iso ranar Alhamis cikin leda mai ƙyalli, ga shi ranar Asabar yana da aiki. Ya jujjuya katin, ya ga rubutu tsaf, ya ce a ransa kwana bakwai ɗin nan tsoron tsofaffi ne kawai.

Aikin kuwa ba irin wanda ake maimaitawa ba ne. Wani tsohon marini ne da ya haura tamanin, shuni ya kama hannuwansa har wuyan hannu. Ban da ɗan hoton katin zaɓe da ya koɗe, bai taɓa yarda an ɗauke shi ba. 'Yarsa ta fari, wadda ke aure a kudu, ta yi shekaru tana lallaɓa shi, sai a bana ya ce to, amma sau ɗaya. Ta taro 'yan'uwa daga gari biyar. Tun hantsi mai hoto ke ta ƙyasta kyamara, ya ɗauki tukwane a kan murhu, ya ɗauki baƙi suna cin abinci. Sai bayan la'asar tsoho ya fito cikin babbar rigar da ya rina da hannunsa, ya zauna a bakin karofi, 'ya'ya da jikoki suka kewaye shi. Da aka ɗauka aka nuna masa a bayan kyamara, ya daɗe yana kallon kansa, ya yi dariya ya ce ashe haka ya tsufa ba wanda ya gaya masa.

Da mai hoto ya juye katin a kwamfuta, hotuna arba'in na farko suka buɗe. Sauran duk suka ƙi, sai toka-toka kawai. Ashe katin jabu ne, rubutun babba, cikin ƙarami. Abin da ya shiga bayan ya cika, ya tafi kenan. Ya kai wa masu gyara, suka ce ba abin da za a ceto. Ya rubuta wa mai sayarwa, aka amsa masa da daɗin baki sau ɗaya, daga nan ko shagon bai sake gani a intanet ba. Wancan ɓarawo ne, Allah ya isa tsakaninsa da mutane. Amma abin da ke ƙona mini rai shi ne abin da namu ya yi. Kwana goma sha tara tsohon ya ƙara a duniya, kuma tsakanin shagon mai hoton da gidan tsohon tafiyar minti goma ce a babur. Da ya cire kunya ya je ya durƙusa ya faɗi gaskiya, da an samu ko hoto ɗaya. Ina! Kullum 'yar ta bugo waya sai ya ce ana kan wankewa, don kada 'yan sana'a su ji cewa ya tsallake dattijo ya sayo jabu.

Bayan sadakar bakwai matar ta zo shagon da kanta, idanunta a kumbure. A nan ne ya faɗa mata, kansa a ƙasa, ya ciro kuɗinta ya miƙa. Ko kallon su ba ta yi ba.

"Malam, ba kuɗi na zo karɓa ba," in ji ta. "Fuskar babana na ba ka ajiya."

Ya shimfiɗa mata arba'in ɗin da suka fito, ta bi su ɗaya bayan ɗaya, tukwane da faranti da takalman baƙi. A gefen wani hoton kwanon tuwo akwai wani hannu mai shuni da ya miƙo zai ɗiba. Shi kaɗai ta ɗauka, ta sa a cikin mayafinta ta fita.

To ka ji, Ɗayyabu. Ban ce duk mai sayarwa daga waje ɓarawo ba ne, kuma kuɗinka ne, kana iya watsa su a rijiya in ka ga dama. Amma ranar da ka rataya kyamara ka shiga gidan mutane, amanarsu ce a wuyanka, ba wurin gwajin kayan da ba ka san asalinsu ba ne. Shi mai hoton nan ya rage 'yan kuɗin da ko cefanen mako ba su kai ba, wata baiwar Allah kuwa ta rasa fuskar ubanta har abada. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce araha ba ta ado.